Jatau da Sassaƙen Uwar Kurmi

Cikin miyagun halayen ɗan Adam akwai guda da ba a cika yin wa'azi a kansa ba, alhali ya kai mutane da yawa ƙasa. Shi ne halin mai wucewa, mutumin da zai sha ruwa a rijiyar wani gari ya tsinke guga ya yi gaba, don ya ce a ransa, "Ai ba zan sake biyowa ta nan ba." A garinsu mutumin kirki ne, saboda akwai idon sani. Da ya yi nisa sai ya zama fara, ta ci ganye ta ci kara ta tashi. Ga labarin wani da wannan hali ya ci. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A Rafin Gawo an yi wani tsoho, Sarkin Magani Nomau. Ba ya rubutu, ba ya duba, shi dai sassaƙe ya gada. Gidansu kuwa da ƙa'ida tun kaka da kakanni: kafin ka sa wa itaciya ƙarfe sai ka yi mata sallama, ka sari faɗin tafin hannu, ka shafe raunin da laka, ka zuba mata gero a gindi. Kuma ko za a yanka ka ba ka kewaye ta da sara, domin itaciyar da aka kewaye ta mutu ko tana tsaye.

Wata safiya tsohon ya tashi zai yi alwala, buta ta suɓuce masa, ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Ɗansa Jatau, magajin sana'ar, magidanci mai mata ɗaya, Tabawa, da 'ya ɗaya a goye, ya gwada duk abin da ya sani, a banza. Rana ta tara, da tsakar rana, ya je gindin tsohon marken da ke bayan gida da gizagon ubansa a kafaɗa. Ya yi sallama, sai ya ji an amsa.

Wata tsohuwa ta fito daga kogon marken, tsawonta bai wuce kamu biyu ba, gashinta na jan ƙasa.

"Sauke gizagonka, ɗan Nomau," in ji ta. "Shekara da shekaru gidanku na cin fatata ban taɓa ƙi ba, don ubanka bai taɓa tafiya ya bar ni da rauni a buɗe ba. Amma wannan ciwo ya fi ƙarfina. Maganinsa na jikin yayata, Uwar Kurmi, can bayan tekun yamma, bayan duwatsun da suka tokare sama. Tafin hannu ɗaya ya isa."

Jatau ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, mu da ko Legas ba mu taɓa zuwa ba, ina mu ina bayan teku?"

"Kogon nan ƙofa ce. Zan riƙe ta a buɗe kwana arba'in, kuma iyakar kwanakin da suka rage wa ubanka ke nan in ba a kawo ba. Kada ka tafi kai kaɗai."

Jatau ya wuce bakin tasha wurin taubashinsa Cindo mai shayi, ɗan ƙanwar Nomau.

"Bawana, rufe teburin nan, za ka raka ubangidanka bayan teku."

"Kai da ka shiga kwalekwale a rafin garin nan ka yi amai? Wane teku?" in ji Cindo. Da ya ji bayani sai ya kife kofuna. "To, don Kawu zan je, ba don wannan fuskar taka ba."

Suka ɗaura jakunkunan goyo irin na sojoji, da bargo da kilishi da ƙuli-ƙuli. Jatau ya sa gizago a jakarsa, Cindo ya sa gero da tukunyar shayi. Suka koma gindin marke, tsohuwar ta hura musu iska a kunne don su ji kowane harshe a kuma ji nasu. Suka sunkuya suka shiga kogo.

Sai ga su sun fito ta wata ƙofar katako a tsakiyar kasuwa, a birnin Lafaz na ƙasar Bolibiya. Birnin kamar ƙwarya yake, gidaje sun hau tun daga gindi har baki, wani dutse mai farar hular ƙanƙara na leƙensa ta sama. Akwatunan ƙarfe na yawo a kan waya bisa kawunan mutane, da mutane a ciki suna hira. Cindo bai yi taku ashirin ba ya zauna a ƙasa.

"Jatau, an yi mini sata. Na shigo da numfashi cikakke, yanzu rabi nake ji."

Wata tsohuwa mai sayar da magunguna, Mama Eulaliya, da hula kamar 'yar tukunya a kife da fatari wajen hawa bakwai, ta yi dariya. "Ciwon tsauni ne, kowane baƙo sai sun gaisa." Ta ba su ruwan zafi da wani ganye a ciki, ganyen da mutanen can ke taunawa kamar yadda muke cin goro. Da suka farfaɗo ta miƙo musu jakar ganyen. Cindo ya lura kowa uku yake ɗauka, ya ɗauki uku. Jatau ya dumbuza ya cika aljihu.

"Kai, goron mutane ne fa, ba harawa ba," in ji Cindo.

"Yaushe za ta sake ganina?"

Tsohuwar ta dube shi, ta ƙulle bakin jakarta. Duk da haka da suka tambaye ta Uwar Kurmi ta ce, "Ni ban san ta ba. Ku je filin gishiri, mutanen birnin da ke ƙarƙashinsa sun sani."

Suka shiga mota tare da wasu samari da 'yan mata daga ƙasashe dabam-dabam, kowa da jaka a baya kamar kunkuru. Ba fatauci suke ba, ba neman magani ba, wai ganin duniya kawai. Cindo ya ce Allah ɗaya gari bamban. Kwana biyu suka isa wani fili fari fat, iya ganinka, gishiri zalla. Cindo ya lasa ya girgiza kai.

"Da Buzayen da ke wahalar zuwa Bilma sun ga wannan, da sun zauna sun yi kuka."

Ruwa ya kwanta a kan gishirin bai wuce idon sawu ba, sama duk ta sauko cikinsa. Da rana ta take, Jatau ya duba ƙasa ya ga ganuwa da soraye a cikin ruwan, ya ɗaga kai bai ga komai a sama ba. Ya kama hannun Cindo, suka rufe ido suka taka.

Suka buɗe ido a wani birni na dutse. An jera duwatsun ba laka ba siminti, amma ko reza ba ta shiga tsakaninsu. Tumaki masu wuyan raƙumi, waɗanda ake kira lama, na yawo a tituna, ɗaya ta tofa wa Cindo miyau a ido ya ce ya gode. Aka kai su gaban sarkin birnin. Jikinsa na mutum, kansa da fukafukansa na wata ƙatuwar ungulu, da farin gashi kewaye da wuya kamar rawani.

"Ku 'ya'yan ƙasar rana, me ya kawo ku inda ba a gayyace ku ba?"

Jatau mutum ne mai baki, ba ya rawar murya gaban kowa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin mai fukafukai. Ciwon uba ya kawo mu, wanda ubansa ke kwance kuwa ba ya jiran gayyata."

"Ka yi magana irin ta 'ya'yan halak. Hanyar Uwar Kurmi na bayan gadar ciyawa. Dokar gadar ɗaya ce: duk mai ƙetarewa zai tuƙa igiya gaba goma ya ƙara mata, saboda wanda zai zo bayansa."

Aka kai su bakin wani kwazazzabo mai zurfin da kana hangen kogi a ƙasa amma ba ka jin ƙararsa. Gadar kuwa igiyoyin ciyawa ne, iska na lilo da ita. Aka zube musu ciyawa. Cindo ya zauna yana tuƙa tun hantsi har la'asar, tafin hannunsa ya yi bororo. Jatau ya murza tasa igiyar sama-sama, ya shafa mata ruwa ta yi kamar ta ɗamu, ya kwanta a inuwa.

"Bawana, kashe kanka za ka yi a kan gadar da za ka taka sau ɗaya?"

Aka ɗaura igiyoyinsu, suka hau. Suna tsakiya sai ji kake ɓas! Igiya ta tsinke, ƙafar Jatau ta zurma, ya tafi har ƙirji. Cindo ya cafko madaurin jakarsa, jakar ta buɗe, gizagon Nomau ya sulale ya tafi ƙasa yana juyi har ya ɓace. Da ƙyar ya jawo shi. Sarkin ya ratsa ta kansu da fukafukai a buɗe, inuwarsa ta rufe gadar.

"A nan kowa igiyarsa yake takawa, ɗan Nomau."

Da suka ƙetare, Jatau ya kakkaɓe riga ya ce tsautsayi ne. An ce jiki magayi, amma wani jikin kurma ne.

Ƙetaren gadar ya fito da su a kan tudun birnin Kusko na ƙasar Feru, rana ta goma sha biyu. Ba su tsaya kallo ba. Suka hau wata mota da ke gangarawa ta hanya siririya kamar zare a gefen dutse, tayar waje na leƙen rami. Cindo ya karance duk addu'ar da ya sani, ya koma ya sake daga farko. Suka fita daga sanyi suka shiga gajimare, suka fita daga gajimare suka faɗa zafi mai gumi, suka tuɓe barguna. A bakin wani jan kogi suka sami mai kwalekwale, Isidoro, wanda ke gadin dajin yana kuma kai baƙi kallon namun dawa.

"Dokata gajera ce," in ji shi. "Ba a tsinkar ko ganye, ba a barin ko kwalba."

Kwana biyar suna cikin ruwa. Suka ga gafiya mai girman akuya tana kiwo da 'ya'yanta a bakin gaɓa, kada na kwance kusa da ita ba ruwan wani da wani. Suka ga aku ja da shuɗi sun fi ɗari sun rufe wani gangare suna cin yumɓu. Da asuba wasu birai kan yi ruri, Cindo ya rantse zaki ne, da ya ga mai rurin bai kai ɗan akuya ba sai ya ce, "Jatau, ga ɗan'uwanka, baki ya fi jiki." Akwai kuma wani kifi ruwan hoda da ke ɗagowa ya yi numfashi kamar mutum, ya bi su yini guda. Rana ta shida suka zo bakin wani rafi mai baƙin ruwa, Isidoro ya kafe sanda.

"Nan na tsaya. Kakana ma nan yake tsayawa. Zan jira ku." Ya miƙa wa Jatau adda. "Ta share hanya ce kawai."

Suka shiga kurmin da rana ba ta taɓa ƙasarsa. Ba su yi nisa ba wata dabba ta yi musu sallama daga reshe. Kamar biri take, fuskarta kamar mai murmushi, gansakuka ta tsiro a bayanta saboda rashin motsi.

"Ni ce jagora," in ji ta, kalma ɗaya sai ta huta kafin ta biyu. "Wanda ya wuce gabana ya ɓata."

Ta miƙa hannu za ta kama reshe na gaba. Cindo ya hura wuta, ya dafa shayi, suka sha, ya wanke tukunya, sannan hannun ya isa.

"Ranki ya daɗe," in ji Jatau, "ubana kwanakinsa ƙidayayyu ne. Ko in goya ki?"

"Hanyar ba ta buɗewa sai da tafiyata."

Washegari haƙurinsa ya ƙare, ya ɗauki adda ya yi gaba. Ya yini yana sara yana gumi, da yamma ya ɓullo daidai inda ya bar su, Cindo na miƙa masa kofi.

"Sannu da zuwa, ubangidana. Yaya mutanen can?"

Daga nan ya bi a hankali. Sannu ba ta hana zuwa. Rana ta ashirin da huɗu suka iso.

Wasu manyan itatuwa ne suka yi da'ira, saiwoyinsu kamar katangar ɗaki. A tsakiyarsu ga wata 'yar siririyar itaciya, kaurinta bai wuce ƙugun mutum ba, ɓawonta ja kamar tagulla. Wata damisa na kwance a gindinta. Suna tsaye wani biri ya zo yana jan hannu ɗaya a shanye, ya lashi ɓawon sau uku, ya kama reshe da hannun ya haye. Jatau ya ga wannan da idonsa, ya haɗiyi miyau.

Ya yi sallama yadda aka koya masa, Cindo ya zuba gero. Itaciyar ta buɗe, wata doguwar mace ta fito da koren zane, malam-buɗe-littafi shuɗɗa sun rufe mata gashi.

"Na ji ƙamshin geron ƙasar ƙanwata. Tana lafiya?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe, tana gaishe ki. Ita ta aiko mu. Ubana Nomau na kwance, ɓarin jikinsa ya mutu."

"Na san sunansa, itatuwa na labari. Ɗebi tafin hannu ta gabas. Ka sani ba ni da ta biyu a duniya, ba na 'ya'ya, ba a dasa ni. Duk mai rauni a kurmin nan ni yake nufa. A al'adarmu mai kyauta ba ya tsayawa a kan mai ɗiba, kada ya sa shi jin kunya. Zan shiga ciki, damisata ma za ta ba ka baya."

Ta shige, damisa ta juya. Jatau ya sa adda ya yanki tafin hannu, ɓawon ya taso da sauƙi kamar na rogo. Ya ba Cindo ya ƙulle a tsumma ya sa a ƙirji.

"Je ka rafi ka ɗebo laka mu shafe."

Cindo ya tafi. Jatau ya tsaya shi da itaciya, ba mai kallo. Da gizagon ubansa ne a hannunsa, bakinsa ɗan ƙarami, da kafin ya yi nisa Cindo ya dawo. Amma adda ce mai tsawon hannu. Ya ƙara yanka ɗaya. Ya ƙara wani. Da Cindo ya dawo da laka a hannu biyu, jakar Jatau ta cika, abin da ya rage a jikin itaciyar bai fi faɗin yatsa uku ba.

Laka ta zube. "Inna lillahi! Jatau, me kake yi?"

"Rage murya. Ka san masu shanyewar jiki nawa ne daga Sakkwato zuwa Borno? Taimako zan yi."

"Taimako ko suna? Kawu ya ce ko za a yanka ka..."

"Wannan dokar gida ce, inda za ka dawo baɗi ka sake sara. Nan wa zai dawo? Kafin ta bushe muna Rafin Gawo."

"Birin da muka gani fa? Gobe in ɗan'uwansa ya zo?"

"Yanzu biri kake tausayi? Kai dai ka san sukari da madara, bar wa masu sana'a sana'arsu."

"Don girman Allah, ɗan Kawu, bar yatsa ukun nan. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Cindo ya yi tsalle zai riƙe hannunsa, adda ta riga shi.

Kurmin ya yi tsit. Tsuntsu bai ƙara kuka ba, ko ƙwaro. Ganye ya fara zubowa ɗaya-ɗaya, sannan kamar ruwan sama. Jatau ya saɓi jaka ya zura da gudu. Bai yi taku goma ba ya tarar da damisa zaune a gabansa. Ya juya hagu, mesa ta gitta kamar gungume. Ya ɗaga kai, kowane reshe idanu ne. Ya dawo da baya da baya.

Uwar Kurmi ta fito a duƙe, gashinta ya yi fari, jan ruwa na tsiyaya daga ƙugunta.

"Ɗan Nomau, na ba ka baya don kada ka ji kunya, ashe ba ka da ita."

Jatau ya faɗi. "Na tuba, ranki ya daɗe, sharrin zuciya ne."

"Tuba ba ta ɗinke fata. Saurara ka ji abin da ka saya. Ɓawona ba ya aiki sai ina raye. Kwana uku suka rage mini. Ran da na mutu duk abin da ke jakarka ya zama toka, har da tafin hannun da ke ƙirjin ɗan'uwanka."

Nan Jatau ya ji abin da bai ji ba a kan gada. "Ubana fa? Shi bai yi miki komai ba!"

"Ni ma ban yi maka komai ba."

Cindo ya durƙusa, hawaye na zuba. "Ranki ya daɗe, ba wata dabara?"

"Akwai guda. A mayar da ɓawon inda aka ɓare shi, tururuwa su ɗinke, hannun da ya ɓare kuma ya riƙe har ya kama."

"Har yaushe?" in ji Jatau.

"Damina bakwai. In ka saki sau ɗaya na mutu, duk wanda na taɓa warkarwa ciwonsa ya dawo masa."

"Mu yi karɓa-karɓa, ni da shi," in ji Cindo.

"Hannunka laka ya ɗebo, ba shi da aiki a nan. Kai ɗauki abin da na bayar da yardata ka tafi."

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Jatau ya zazzage jaka, ya jera ɓawon guntu-guntu a jikin itaciyar, ya rungume ta da hannu biyu. Tururuwa suka fito dubu-dubu suka bi gefe suna ɗinki, suna bi ta kan yatsunsa. Ganye ya daina zuba.

Cindo ya shafe tafin hannun gabas da sabuwar laka, ya ɗaura jaka, ya tsaya.

"Bawana," in ji Jatau, kumatunsa a jikin itace, "ka ce wa Baba kogi ya ci ni."

"Ban iya yi wa Kawu ƙarya ba."

"To ka ce wa Tabawa ta jira ni. Ka riƙa duba yarinyar."

"Zan faɗa mata. Yarinya kuwa ba sai ka ce ba." Ya tura masa sauran kilishi a baki, ya juya, bai waiwayo ba don kada ƙafarsa ta ƙi tafiya.

Dawowar Cindo ba ta yi wuya ba. Kurmi ya buɗe masa hanya, kifin nan ruwan hoda ya ja kwalekwalen Isidoro ya haura kogi, gadar ciyawa ta ɗauke shi ba ko girgiza. Ran kwana talatin da tara da hantsi ya fito daga kogon marke. Washegari kogon ya haɗe kamar ba a taɓa yin sa ba.

Aka jiƙa sassaƙe, aka ɗura wa tsoho. Rana ta farko baki ya miƙe, ta biyu ya motsa yatsu, ta uku ya ɗauki buta da hannun dama. Da ya idar da salla ya kira Cindo.

"Ina ɗan'uwanka?"

Cindo ya sunkuyar da kai ya faɗi komai, tun daga ganyen Mama Eulaliya har zuwa adda.

"Ya kewaye ta?"

"Ya kewaye, Kawu."

Tsohon ya dubi hannun da ya warke. Sannan ya ce, "Gobe ka ba wani teburin shayin. Ka zo da sassafe ka bi ni daji."

Jatau kuwa ya yi damina bakwai a tsaye. Birai na sa masa 'ya'yan itace a baki, ruwan sama na shayar da shi, salla da ido. Bai saki ba ko sau ɗaya, wannan kam a ba shi. Ran da ɓawon ya kama, Uwar Kurmi ta ce, "Tafi," ba ta ƙara ko kalma ba. Ya fito ba jagora, ba ƙofa, iskar da aka hura masa a kunne ma ta daɗe da fita, ba ya jin kowa ba mai jin sa. Shekara huɗu yana bin gaɓar teku daga tashar jirgi zuwa tashar jirgi, yana dako da ka, kafin wani jirgin kaya ya yarda ya ƙetare da shi.

Ya shigo Rafin Gawo ran wata kasuwa, yara na binsa suna tsammani mahaukaci ne. Ga abin da ya tarar, ga kuma abin da ya rasa. Shekara goma sha ɗaya na ƙuruciyarsa sun tafi. Ubansa ya yi shekara takwas yana takawa da ƙafarsa, ya rasu shekara uku kafin isowarsa, wasu suka yi masa wanka suka sa shi a kabari. Sarautar magani na kan Cindo. Tabawa ta jira shekara biyar, alƙali ya raba auren, tana gidan wani da 'ya'ya uku. 'Yar da ya bari a goye ta zo ta gaishe shi a tsaye, ta koma ta tambayi uwarta ko wane ne. Ya je gindin marke ya yi sallama sau uku, ba a amsa ba. Hannuwansa kuwa sun ƙage a lanƙwashe, daidai kaurin ƙugun mutum, ba sa riƙe gizago, ba sa riƙe fartanya, ko loma sai an sa masa. Ya fita da yatsu goma masu aiki, ya dawo ba ko ɗaya.